Lauyan Maigida

A cikin lauyoyi akwai waɗanda ba a cika ganinsu gaban alƙali ba. Sana'arsu ita ce ba masu kamfani shawara a kan dokar da ke tsakaninsu da ma'aikatansu, watau yadda za a ɗauki mutum aiki, da abin da za a biya shi, da yadda za a rabu in zama ya ƙi. Talakawa sukan ɗauke su karnukan farautar masu kuɗi. Amma labarin wani lauya da ya tsufa cikin wannan aiki a Kano ya isa ya sa mutum ya sake tunani.

Shi wannan lauya ɗan akawun jirgin ƙasa ne. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka ajiye aiki a babban yajin 1945, wanda ya wuce mako shida, saboda tsadar kaya da yaƙin duniya na biyu ya jawo. Tsohon yakan kuma ba shi labarin abin da ya auku a Inugu ran 18 ga Nuwamba, 1949, sa'ad da 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 ana cikin rigimar albashi. Yaro ya tashi da sanin cewa gardamar kuɗin aiki, in an raina ta, takan kai ga zub da jini. Da ya gama karatun shari'a ya zaɓi zama kusa da masu gida, dangi suka yi mamaki. Shi kuwa ya ce ai daga ofishin maigida wuta ke tashi, can ya kamata mai ruwa ya tsaya.

Ya fara aiki Dokar Ƙwadago ta 1974 tana sabuwa, sa'an nan aka kafa kotun ma'aikata ta ƙasa a 1976. Yawancin aikinsa na takarda ne. Yakan tuna wa manajoji cewa wajibi ne a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su wuce, kuma wanda ya cika shekara yana da hutun kwana 6 aƙalla da cikakken biya. In za a sallami mutum, sanarwar gwargwadon daɗewarsa ce: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara 5 ba, wata guda ga wanda ya kai ko ya wuce, ko kuwa a biya shi kuɗin kwanakin.

Ranar da aka gwada shi ta zo lokacin da kasuwar masaƙu ta faɗi, saboda tufafin waje da ƙarancin wutar lantarki. Wani attajiri mai masaƙa, wanda rabin abincin lauyan daga hannunsa yake fitowa, ya kira shi bayan lisha. Ya ce yana so Litinin a kulle ƙofa, a manna sunayen waɗanda aka kora, kowa ya kama gabansa. Lauya ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ba ta yarda ba. Sai an gaya wa ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda za a rage, a fara da na baya-bayan ɗauka, a kuma zauna a daidaita abin sallama."

Alhaji ya fusata, ya ce, "Malam lauya, ni ke biyanka ko su?" Ya amsa, "Kai ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa ba zan gaya maka abin da zai faranta maka yau, ya kai ka kotu baɗi ba. Banda haka kuma, kai ka fi ni sanin horon addini a kan hakkin ɗan ƙwadago." Aka sallame shi ba ko sai da safe. Ya kwana yana lissafin kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Bayan kwana uku aka aiko masa da mota. Alhaji ya sayar da wani filinsa, aka zauna da shugabannin ƙungiya. A wurin zaman kuwa lauyan bai yi musu sassauci ba. Abin da suka nema wanda doka ba ta ba su ba, ya ce babu, har wasu suka yi masa ihu a bakin ƙofa. Aka biya kowa nasa. Daga baya masaƙar ta mutu kamar 'yan'uwanta, amma ba a jefa dutse ba, ba a kuwa shiga kotu ba.

Ma'aikatan nan har yau ba su san abin da aka faɗa a wancan dare ba, wasunsu ma suna nan suna tsine masa. Alhaji kuma bai taɓa ce masa madalla ba, gama gaskiya ɗaci gare ta. To, haka wannan sana'a take, mai yin ta tsakani da Allah ba ya samun yabo daga kowane gefe. Allah Ya ba masu gida mashawartan da ba su jin tsoron fushinsu, amin.