Daren da Na Kwana a Dannet

A cikin hunturun da ya gabata na tashi daga Agadas zuwa Arlit, garin da ma'adinin uranium ya kafa a 1969, da niyyar sada zumunci da wani ɗan'uwa wanda ya zauna babu aiki tun da aka rufe mahaƙar Akokan a 2021. Amma da yake bawa yana nasa Allah yana nasa, muna cikin ƙasar Dannet, duwatsun Abzin suna hannun damanmu, sai motar ta mutu, direba ya ce sai gobe in Allah ya kai mu.

Wani dattijo Ba'abzine ya sauke mu. Bayan sallar lisha, shayi yana bisa garwashi, jikokinsa, waɗanda tashin Arlit ne, Hausa zalla a bakinsu, suka haɗa kai a kan waya guda suna kallon fim ɗin Indiya fassarar Kano, har ƙaramarsu ta miƙo mini, ta ce, "Malam, wane aljani ne wannan mai kan giwa?"

Na ce mata Ganesha ke nan, ɗan Shiva da Parvati a cikin hikayar ma'abota addinin Hindu, wanda suke ambata kafin su fara kowane al'amari domin sun ɗauke shi mai kau da cikas. Na nuna musu haurensa guda da ya karye, da ɓeran da yake hawa, suka kwashe da dariya. Na ba su labarin Hanuman, birin da ya tsallake teku zuwa Lanka neman Sita, matar Rama, da na Krishna mai busa sarewa cikin shanu, wanda babban cikinsu ya ce ashe ɗan kiwo ne.

Dattijo ya ajiye buta, ya ce, "Malam, anya ba shirka kake karanta musu ba?"

Na ce, "Baba, Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi harshen Sanskirit, ya wallafa littafi kan mutanen Hindu wajen 1030, ya hakaito aƙidarsu yadda suka faɗe ta ba tare da ya yi musu ƙage ba, har ya bayyana cewa malamansu suna maganar Ubangiji ɗaya, gumaka kuwa sun fi ƙarfi wajen talakawa, kuma bai bar Musuluncinsa ba. Finafinan Indiyan nan kuma suna cikin silimun ƙasar Hausa tun shekarun 1950. Mu ma mun gani muna yara, ba wanda ya yi mana bayani. Gwamma yaro ya ji daga bakin babba da ya tsinta a waya." Ya yi shiru, sa'an nan ya sa su karanta Ƙulhuwallahu kafin su kwanta, na kuwa ga dacewar haka.

Da asuba mota ta tashi. Yarinyar ta biyo ni har bakin hanya, ta ce, "Malam, su yaran Indiya akwai mai ba su labarinmu?" Na ce mata ƙidayarsu ta 2011 ta sami Musulmi fiye da miliyan 170 a can, maƙwabtan juna ne, kasuwarsu ɗaya. Ta ce, "A'a, labarin Dannet nake nufi." Direba ya danna oda, na shiga mota ban ba ta amsa ba.