Ofis ya koma aljihun ma'aikaci, amma wa ke ɗaukar nauyinsa?

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Kwamfutar da ke kanta za ta ci gaba da kunnuwa, amma gyaran da ake turo mata don toshe ƙofar ɓarayin intanet ya tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba. Shi ya sa kamfanoni a Turai da Amurka suke ta lissafi: a sake sayen kwamfutar tebur ne, ko a raba wa ma'aikata laftof da waya, a tura komai rumbun intanet? A Abuja ma, Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Walson-Jack, ta sa ƙarshen Disamba 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatun tarayya za su rabu da fayil ɗin takarda.

To mu a ɓangaren Kutemeshi da Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa, an daɗe da yanke wannan hukuncin, kuma babu wanda ya kira taro a kai. Waya ta ci gasar. Abin da ba a tattauna ba shi ne: wayar wa?

Lokacin da na kama aiki, kwamfutar ofis sarauniya ce. Ɗakinta daban, ana lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, mutum ɗaya ke da izinin taɓa ta. In babu wuta, sai a yi karo-karon man janareto kafin a buga takarda ɗaya. Yau ku leƙa ofisoshinmu na karkara, inda ma aka taɓa kai ta. Tana nan a lungu, an ɗora mata tsofaffin fayil, ɓeraye sun cinye wayoyinta. Aikin kuwa bai tsaya ba. Sanarwar taro ta WhatsApp take zuwa. Hedimasta ya ɗauki hoton rajistar ɗalibai ya tura wa na sama da shi. Ma'aikaciyar asibiti ta cike fam ɗin rigakafi a waya. Malamin gona ya tura sunayen waɗanda za a ba taki. Kusan duk wannan da wayar da mutum ya saya da albashinsa ake yi, da datar da ya saya, da cajin da ya biya a shagon mai sola. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Wa ya ji a jikinsa? Ƙaramin ma'aikaci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuɗin ma shi ne ƙaramar matsalar. Akwai uku da suka fi shi girma, kuma duk mun gan su da idonmu.

Ta farko, sabis. Ba mu manta ƙarshen Satumba 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, Birnin Gwari na ciki, aka kuma hana hawa babur. Sai ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin buɗewa. Kusan wata biyu, duk aikin da ya dogara da WhatsApp ya mutu murus. Rahoton da ake turawa cikin minti ɗaya ya koma sai an rubuta a takarda, a nemi mai fita, shi kuma ya bi hanyar da kowa ya san halinta a wancan lokacin. Wutar lantarki ma ba ta fi sabis amana ba: a Oktoba 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a ɗaya layin, jihohin Arewa da yawa sun yi fiye da mako guda a duhu. Wato kwamfutar tebur na jiran wutar da ba ta zuwa, waya na jiran sabis ɗin da ake iya ɗaukewa dare ɗaya.

Ta biyu, tsaro, kuma a nan ne muka bambanta da mutanen Abuja. A can, in an sace waya, asara ce ta kuɗi. A dajinmu, waya mai ɗauke da jerin sunayen magidanta da lambobinsu da adadin buhunan da kowa ya karɓa, ko hoton katin aiki, ko lambar wani jami'in tsaro, tana iya zama sanadin ajalin mai ita da na mutanen da ke cikin jerin. Na san abokan aiki da ba sa hawa hanya sai sun goge hotuna da saƙonni kakaf, don in an tare mota ana buɗe waya a duba. Sun tsira da ransu, alhamdu lillahi, amma aikin wata guda ya tafi da gogewar. Ga shi kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Ta yaya za a kare bayanan talaka alhali suna cikin wayar da yaran gida ke kallon TikTok da ita da dare?

Ta uku ita ta fi damuna, don a hankali take cin mu. Tsohuwar kwamfutar nan, duk da lalacinta, ba ta bin kowa gida. In an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ya tafi ya bar ta, wanda ya gaje shi ya buɗe ya ga inda aka kwana. Yanzu fa? A wani ofis da na taɓa zama, an ɗauke wani jami'i zuwa wani gari, sai aka wayi gari bayanan shekara uku suna cikin wayarsa. Aka kira shi, bawan Allah ya ce wayar ta faɗa ruwa tun da damina. Ba mugunta ya yi ba, babu wanda ya taɓa ce masa ga inda zai ajiye. Mutanen da sunayensu ke ciki kuwa sai da suka sake bin layi daga farko, har da tsofaffi da matan da aka kashe wa mazaje.

Kada wani ya ce ina kiran a koma zamanin tafireta. Ina! Waya ta yi mana rana. A ƙarancin kuɗin farkon 2023, tiransifa da masu POS ne suka riƙe mutane. Kuma muna da misalin yadda ya kamata a yi. Na'urar BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita ta INEC ce, ba ta malamin zaɓe ba. Tana tantance mai zaɓe ko babu sabis, a gama a mayar da ita. Masu aikin rigakafin shan-inna sun daɗe suna amfani da manhajar ODK, wadda ke ajiye fam a cikin waya har sai an samu sabis ta tura. Ashe an san hanyar, ba a dai mayar da ita ƙa'idar aikin yau da kullum ba ne.

Kwamfuta babba ma da sauran aikinta. Duk wanda ya taɓa gwada haɗa jadawalin albashi ko kasafin kuɗi a fuskar waya ya san idonsa ne zai biya. Sannan tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron Kutemeshi da ya ƙware a latsa waya, sau da yawa ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsa zai taɓa linzamin kwamfuta, ya yi gogayya da ɗan Kaduna da ya tashi da ita a gida.

Dalilin da ya sa nake wannan magana yanzu shi ne, tun sulhun Nuwamba 2024 da Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar kara, an fara maganar gyara makarantu da asibitoci da dawo da ma'aikata. Inda aka ce gyara, sayayya na tafe. Tsorona kada a jibge mana kwamfutocin tebur ashirin a ɗakin da babu wuta, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, shekara biyu a dawo a tarar da gizo-gizo. Ko kuma mafi muni, a kwaso mana tsofaffin da Turawa ke zubarwa saboda Windows 11 ta ƙi su.

Ga abin da nake ganin ya fi mana:

1. Ma'aikacin da ke tattara bayanan jama'a a ba shi waya ko tablet ta hukuma, mai lambar sirri, wadda za a iya gogewa daga nesa in ta ɓata. Datar aiki ta fito daga aljihun hukuma.

2. Duk manhajar da za a kawo mana, sharaɗin farko ta yi aiki babu sabis.

3. Kowace mazaɓa cikin 11 da muke da su ta samu wuri ɗaya, asibiti ko sakandare, mai sola da batir da laftof biyu ko uku da firinta. Ma'aikata su yi aiki da safe, ɗalibai su koya da yamma.

4. A sa ƙa'ida: ba a sallamar ma'aikaci zuwa sabon wuri sai ya miƙa bayanan da ke hannunsa, kamar yadda ake miƙa makullin ofis.

5. Rajistar takarda ta ci gaba da zama a gefe, har sai wuta da sabis sun zama abin dogaro.

Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ke cikin abokaina, ku kuka fi kowa sanin wannan. Nawa kuke kashewa a data duk wata saboda aikin ofis? An taɓa mayar muku da ko sisi? Ku faɗa mana a ƙasa, amma don Allah kada a ambaci sunan ofis ko na wani mutum.

Allah Ya tabbatar mana da zaman lafiyar da muka fara gani, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Amin.