Daga Maradi zuwa Magarya: mu ƙidaya itatuwan gonakinmu



A shekara ta 2015 ƙasashen duniya sun ɗauki manyan alkawura biyu. Na farko a Majalisar Ɗinkin Duniya. An tsai da buri 17 na ci gaba mai ɗorewa, ana so a cim musu kafin 2030. A cikinsu akwai kawar da yunwa, da yaƙi da talauci, da hana ƙasa lalacewa. Na biyu a birnin Paris na Faransa. An shirya a rage hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi, a kuma taimaki jama'a su jure canjin yanayi. Ƙasarmu Nijar tana cikin masu sa hannu. Ta kuma yi alkawarin gyara hekta miliyan 3 da dubu 200 na ƙasar da ta gaji, kafin 2030.

Amma alkawarin takarda ba ya cika rumbu. Da me za a auna a san ana cika shi? Jaridarku ta bi hanya daga Maradi har Magarya domin neman amsa. Ku biyo mu.

Maradi: dashe daban, rayuwa daban

Tsofaffin Maradi ba su manta da farin 1973 ba. Ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda ake kira El-Buhari. A lokacin gonaki sun zama fili fetal. Manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ya tone kututture, ya ƙone. Da damina ta faɗi, sai iska ta taso da rairayi ta binne shuka. Manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku, har iri ya ƙare. Mata sun rasa itacen girki, suka koma ga kara da kashin shanu. Abin da ya kamata ya zama takin gona sai ya tafi murhu.

Gwamnati ba ta zauna ba. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace. A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, an yi babban taron ƙasa a nan Maradi kan yaƙi da hamada. An buɗe wuraren renon itace, an raba dashe gari gari.

A wancan zamani, abin da ake ƙidayawa shi ne yawan dashe. Masu bincike sun rubuta cewa an dasa itace wajen miliyan 60 cikin shekara 12. Amma cikin kowane biyar, da ƙyar ɗaya ya rayu. Rana ta ƙone wasu, awaki sun ci wasu, gara ta gama da saura. Darasin farko ke nan. Ba ranar dashe ake ƙidayar itace ba. Sai ya ga rani ya wuce yana tsaye.

A shekara ta 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Toni Rinaudo, yana aiki a ƙauyukan Maradi. Ya lura da ƴan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace shekara. Ashe ba ciyawa ba ce. Tohon kututture ne, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Saiwar ta riga ta kai ga laima, ba ta bukatar ban ruwa. In an bar ta, itace zai tashi. Wannan aiki shi ake kira sassaben zamani.

Ga yadda ake yin sa. Lokacin sassabe, ka zaɓi kututture mai ƙarfi. Ka bar toho uku zuwa biyar, waɗanda suka fi miƙewa. Ka yanke saura da wuƙa ko gatari mai kaifi. Ka rage rassan ƙasa har rabin tsawo. Ka riƙa yanka daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. Ba kuɗi, ba bokitin ruwa. Kulawa kawai.

A yunwar 1984 aka ba mutane hatsi domin su yi wannan aiki. An nemi kowa ya bar itace 40 a hekta guda. An tsare itace wajen dubu 500. Da rabon hatsi ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Me ya sa? Wasu suna tsoron inuwa za ta kashe hatsi. Wasu suna tsoron dariyar maƙwabta. Babban dalili kuma shi ne doka. A lokacin itace na gwamnati ne. In ka sare reshe a gonarka, ma'aikatan gandun daji suna iya cin ka tara. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Darasi na biyu ke nan. Aikin da ya tsaya ranar da kyauta ta tsaya bai ɗore ba.

Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani. Sun sami itacen girki da na gini. Shukarsu ta tsira daga iska. Maƙwabta suka gani, suka kwaikwaya. Gani ya kori ji.

Agye da Ɗan Saga: tsaron gari

Daga Maradi mun yi gabas bisa kwalta zuwa Agye. Dama da hagu gonaki ne, kuma cikinsu akwai itace. Ga kalgo, ga sabara, ga taramniya, ga aduwa, ga gawo. Yawancinsu ba dashe ba ne. Daga kututture suka tashi.

A gundumar Agye akwai ƙauyen Ɗan Saga, wanda sunansa ya kai nesa saboda wannan aiki. Mutanen wurin sun gane cewa mutum ɗaya ba ya iya tsaron itace. Kana barci wani ya zo da gatari. Sai suka kafa kwamitin tsaro na gari. Akwai maza a ciki, akwai mata, akwai Fulani makiyaya. An tsai da ƙa'ida a gaban kowa, wanda ya keta ya biya tara.

Doka ma ta canja. An yi sabuwar dokar gandun daji a 2004. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fito da doka ta musamman kan sassaben zamani, ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa bisa itacen da ya rena a gonarsa. Ku tambayi ma'aikacin gandun daji na wurinku ya bayyana muku ita dalla dalla.

Matamaye da Magarya: ƙasar gawo

Bayan Gazawa da Tasawa mun shiga jihar Damagaram. A Takyeta muka bar babbar hanya, muka yi kudu zuwa Matamaye da Magarya. Nan mutane sun yi yawa, gonaki ƙanana ne, babu sauran daji. Da wuya a bar gona ta huta. Amma ko'ina ka duba gawo ne, babba da ƙarami.

Gawo yana da hali nasa. Da damina yana zubar da ganye, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Da rani yana yin ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ƴaƴansa abinci ne mai kyau ga tumaki da awaki da shanu, a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Kowane manomi a nan ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili.

Mutanen Damagaram sun daɗe da sanin haka. Tsofaffi suna faɗin cewa a zamanin Sarki Tanimun, tun kafin zuwan Turawa, hukunci mai tsanani ake yi wa wanda ya sare gawo. Bayan farin 1984 manoma da kansu suka komo ga renonsa. A 2006 masana sun bi gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya. Sun iske aikin ya mamaye hekta wajen miliyan 1. A wajajen Mirya kuma kuka ta yawaita, mata suna sayar da ganyenta a kasuwa.

Awo daga sama

Yaya aka san yawan aikin a ƙasa baki ɗaya? An ɗauko hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975. An gwada su da hotunan tauraron ɗan'adam na wajen 2005. Inda da fili ne fari, sai ga ɗigo ɗigo baƙi. Kowane ɗigo itace ne. Sannan masana suka sauka ƙasa, suka ƙidaya da ido don su tabbatar.

A 2009 aka buga lissafin. Hekta wajen miliyan 5 sun sake samun itace. Itatuwan sun kai wajen miliyan 200. An kimanta cewa kowace hekta ta ƙaru da buhu ɗaya na kilo 100. In an haɗa, tan dubu 500 ke nan na hatsi kowace shekara. Itacen kuma yana shan hayaƙin da ake kira karbon daga iska, yana ajiye shi a jikinsa da saiwarsa. Don haka mai sassaben zamani yana cika alkawarin Paris daga gonarsa.

Amma hoton sama ba ya ganin komai. Ba ya ganin ko yaro ya ƙoshi. Ba ya ganin ko an toshe burtali. In gona ta cinye hanyar dabbobi, makiyayi ya rasa wurin bi, rigima za ta tashi. In makiyayi ya datse kan gawo gaba ɗaya don dabbobinsa, manomi ya yi hasarar shekara goma. Itacen da ya jawo faɗa ba zai daɗe ba. Wannan awo sai mutanen gari.

Awo biyar na mai gona

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga inda rubutu zai yi muku rana. Ku samu littafi guda. Kowace shekara ku rubuta abu biyar.

1. Itace nawa ke tsaye a hekta guda? Hekta ita ce dogon taki 100 a tsawo, 100 a faɗi. Ku ƙidaya a ƙarshen rani, kafin ruwan farko. Ku rubuta manya daban, ƙanana daban. Gonar da ba ta da ƙananan itace kamar gida ne marar ƴaƴa.

2. Sau nawa kuka yi shuka kafin ta kama?

3. Dami nawa gonar ta bayar? Tiya nawa dami guda ya bayar? A wane wata rumbu ya ƙare?

4. Ina mata ke samo itacen girki? Da wane lokaci suke fita, da wane lokaci suke komowa?

5. Itace nawa aka sare da sata? Rigima nawa aka kai gaban maigari tsakanin manoma da makiyaya?

Makiyayi shi ma ya rubuta nasa: dabba nawa suka shiga rani, nawa suka ga damina, kuma ko burtali a buɗe yake.

Shekara guda ba ta isa hukunci, don ruwan sama ba daidai yake zuwa ba. Sai kun jera shekara biyar, kun ga mai albarka kun ga mai wuya. A shekarar wahala ta 2005, garuruwan da ke da itace sun sayar da itacen wuta da ganye sun sayi hatsi. A irin wannan shekara ake gane aikin da ya ɗore.

Lokacin sassabe ya kusa. Kafin ku ɗaga gatari, ku duba kututturen da ke gabanku. Ku kai littafin ajin karatu, ku gwada lissafinku da na maƙwabta, ku nuna wa maigari da malamin gona. Garin da ya yi ƙidayarsa ya aiko mana, za mu buga domin sauran garuruwa su gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.