Mai hoto da dogon ido

A garin Maraɗi, kusa da babbar kasuwa, akwai wani mai ɗaukar hoto. Ya fi shekara 20 yana wannan sana'a. Ya ɗauki amare da angwaye, ya ɗauki jarirai ranar suna, ya ɗauki ƴan lakwal masu shirin jarrabawa. Da salula ta bazu, kowa ya koma ɗaukar kansa da kansa, sai ciniki ya ja baya. Mai hoto ya sami lokacin zama a ƙofar shago, yana tuna abubuwan da.

Abin da ya fi tunawa shi ne gauraki. Lokacin da yake yaro, a ƙauyensu na kusa da tabkin Madarunfa, tun da asuba yakan ji kukansu kafin ya gan su. Dogayen tsuntsaye ne baƙaƙe, da fari a fiffike, da tukku ruwan zinariya a ka. Yanzu sun ragu ƙwarai a ƙasashen Sahel. Fadamu sun zama gonaki, wasu sun ƙafe, kuma ana kama tsuntsayen ana sayarwa.

Wata rana ya tambayi ɗan ƙanwarsa, ɗan aji 5:

— Kai yaro, ka san gauraka?

— Na san sunansa, Kawu, amma ban taɓa ganinsa ba.

Yaron nan ya iya zana zaki da giwa, don suna cikin littafi. Tsuntsun tabkin kakanninsa kuwa bai san kamarsa ba. Abin ya tsaya wa mai hoto a rai. Ya ƙudura zai ɗauki hoton tsuntsayen tabki, ko da waɗanda suka rage ne, ya kai wa yara su gani.

Ran Lahadi ya hau moto ya tafi Madarunfa da kyamararsa ta biki. Ya hangi zalɓe tsaye a bakin ruwa, ya ɗauka. Da ya duba, sai ga ruwa, ga sama, ga ciyawa, zalɓe kuwa kamar ƙwayar gero a tsakiyar tabarma. Ya matsa, zalɓe ya tashi. Amarya takan tsaya a gyara mata ɗankwali. Tsuntsu ba ya jiran kowa.

Laifin ba na kyamara ba ne, na idonta ne. Idon kyamara shi ne gilashin nan da ake ɗaurawa a gabanta, wanda ke tattara haske ya zuba shi a kan wani ɗan allo da ke ciki. A kan allon nan hoto ke zama. Kowane ido yana da tsawonsa, da milimita ake faɗinsa. Na mai hoto milimita 50 ne, ya dace da ɗaukar mutum a tsakar gida. Mai son abin da ke nesa sai ya nemi dogon ido, wanda ake ce wa téléobjectif da Faransanci. Ido mai milimita 300 yana ƙara girman abu sau 6 bisa mai 50. Mai 400 sau 8, mai 600 sau 12.

Mai hoto ya sayar da raguna 2, ya haɗa da ɗan abin da ya ajiye. Kuɗin nan ba na wasa ba ne. Da su ya yi niyyar gyara rufin ɗaki kafin damina. Matarsa ba ta hana shi ba, amma ta ce:

— Malam, in ka sayi abin da ba shi da amfani, ruwa zai tuna maka.

Da aka ba da hutu, ya ɗauki yaron suka shiga mota zuwa Yamai, tafiyar da ta fi kilomita 600. Saura kamar kilomita 60 su isa, wajen Kure, sai direba ya rage gudu. Ga raƙuman dawa 3 suna cin ganyen itace ba nisa da hanya. Nijar ce kaɗai ta rage da irin waɗannan raƙuman dawa na Afirka ta Yamma. A shekarar 1996 guda 49 aka ƙirga. Da aka tsare su, bayan shekara 20 da ɗoriya suka haura 600. Yaron ya liƙa fuska a gilashin mota har suka ɓace.

A Yamai suka sami wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan hoto, sababbi da na hannu. Kafin komi ya tambayi irin kyamarar, don ba kowane ido ne ke hawa kowace kyamara ba. Ta mai hoto Canon ce. Sai ya fito da idanu 3 ya jera a kan tebur.

Na farko ƙarami ne, ana murɗa shi daga milimita 70 zuwa 300. Ba nauyi, ba tsada. Na biyu ƙato ne, daga 150 zuwa 600, nauyinsa ya kusa kilo 2. In an murɗa shi sai ya miƙe kamar kakaki. Na uku na hannu ne, fari, siriri, milimita 400 cif, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Irinsa ya fara fitowa tun 1993, nauyinsa kilo 1 da giram 250.

Zuciyar mai hoto ta tafi ga na biyu nan take. Haka mutum yake: in an ce 600 da 400, babbar lamba ce ke kiransa. Ɗan kasuwa ma ya lura, ya ce:

— Malam, ai wannan ko tsuntsu na bayan gulbi sai ya kawo maka shi gabanka.

Mai hoto ya ɗaga shi ya auna wata shirwa da ke kan bango. Shirwa ta cika ido, amma sai rawa take, ta yi sama, ta yi ƙasa, ta fita, ta dawo. Shirwa kuwa ko motsi ba ta yi ba. Hannunsa ne ke rawa. Dogon ido ba tsuntsu kaɗai yake ƙarawa girma ba, har da kaɗawar hannu da numfashin mai ɗauka. Ƙaton nan yana da wata na'ura a ciki mai rage rawa, da aka kunna ta shirwa ta ɗan natsu. Amma na'ura ba ta rage nauyi. Kafin minti 2 kafaɗarsa ta gaji. Ya tuna yashi da taɓon bakin tabki, da tafiyar da zai riƙa yi a ƙasa.

Akwai wata lamba kuma a jikin kowane ido, wadda ake rubutawa f/4, ko f/5.6, ko f/6.3. Ita ke faɗin girman ƙofar da haske ke shiga. Abin mamaki, in lambar ta yi ƙanƙanta, ƙofar ce ta yi girma. Dalili shi ne rabawa ake yi. A raba 400 da 5.6, a sami milimita 71, kamar bakin kofin shayi. A raba 600 da 4, a sami milimita 150, kamar bakin kwanon miya. Ido mai f/4 yana shigar da ninkin hasken mai f/5.6. Shi ya sa manyan masu hoton namun daji ke son mai 600 da f/4. Amma gilashi mai faɗin kwano nauyi gare shi, kilo 3 ko fiye, kuma sabonsa ya haura sefa miliyan 6. Ɗan kasuwa ba shi da irinsa, hotonsa kawai ya nuna musu a salula. Mai hoto ya yi dariya ya ce ko garken raguna ya sayar bai kai ba.

Me ya sa ake damuwa da haske haka? Don kyamara ƙiftawa take yi. In za a tsayar da tsuntsu mai tashi a hoto, sai ƙiftawar ta yi sauri, kashi 1 cikin 1000 na sakan ko fiye da haka. Cikin wannan ɗan lokaci haske kaɗan ne ke samun shiga. In ƙofa ƙarama ce, kuma gari bai gama wayewa ba, hoto sai ya fito da duhu ko da dusa-dusa. Sa'ar da aka yi, a ƙasar nan ba a rasa rana. Mai f/5.6 ya isa.

Duk wannan magana da ake yi, yaron yana tsugune da alli da ɗan allonsa. Ɗan kasuwa ya gaya masa ƙa'ida: a ninka tsawon tsuntsu da tsawon ido, a raba da nisa, duka da milimita. Abin da aka samu shi ne tsawon tsuntsu a kan allon kyamara. Allon kyamarar Kawu kuwa milimita 22 ne a kwance, 15 a tsaye.

Yaron ya fara da shamuwa, mai tsawon kamar santimita 70, a nisan mita 30. Da tsohon ido mai 50 ya sami milimita 1 da ɗan kaɗan. Ga dalilin ƙwayar gero ke nan. Da mai 400 ya sami 9. Da mai 600 ya sami 14. Sannan ya gwada jan-baki mai cin gero, ɗan santimita 12. A mita 30, ko da mai 600, bai kai milimita 2 da rabi ba. Sai ya goge, ya sa mai 400 a mita 10. Ya sami kusan 5.

— Kawu, duba. In ka ƙara kuɗi ka sayi babban, rabi kawai aka ƙara maka. In ka matsa daga mita 30 zuwa 10, sau 3 ka samu.

Mai hoto ya karɓi allon ya daɗe yana kallo. Yaron bai tsaya nan ba, ya tuna raƙuman dawan Kure. Raƙumin dawa mai mita 5 a nisan mita 50, da ido mai 400, ya ba da milimita 40. Bai shiga allon ba ma, sai dai wuya da kai. Ashe idon da ya yi wa tsuntsu kaɗan ya yi wa raƙumin dawa yawa. Nan ne ido mai murɗawa ya fi, don yana iya ja da baya. Wanda ke son ya ɗauki komi da komi, shi ya kamata ya saya. Amma mai hoto ba komi da komi ya zo nema ba, tsuntsu ya zo nema.

Ya sake tunani kan hazo. Idon da ke miƙewa yana komawa, kamar zuga-zugin maƙeri yake, yana shaƙar iska yana fitarwa, ƙura na bin ta. Wanda ba ya miƙewa ya fi jure hunturun Maraɗi. Sai ya ɗauki farin nan na hannu ya duba shi da kyau, yadda ake duba haƙoran rago. Ya haska tocila ta cikinsa ko akwai fumfuna ko karce. Ya ɗaura shi, ya auna kusa, ya auna nesa, ya ga yana kama abu da sauri ba gardama. Ba shi da na'urar rage rawa, wannan aibi ne, kuma ya sani. Ya saya, ya rage ɗan canjin da zai sayi kwano 4 na rufi.

Kashegarin komawarsu, da azahar, ya tafi tabki. Watan Afrilu ne, zafi kamar wuta. Ya hangi agwagin ruwa can tsakiya, ya yi ta ɗauka. Da ya duba, duk hotunan sun narke, kamar an zana su da tawada an zuba ruwa. Cikinsa ya ɗuri ruwa. Ya ce a ransa an cuce shi, ga raguna sun tafi.

Ba a cuce shi ba. Ƙasa mai zafi tana dumama iskar da ke bisanta, iska mai zafi da mai sanyi su riƙa cuɗanya, haske ya riƙa karkacewa a hanya. Ita ce kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta. In nisa ya yi yawa, iskar da ke tsakani ta yi yawa, kuma dogon ido yana ƙara mata girma kamar yadda yake ƙara wa tsuntsu. Ko idon miliyan 6 ba ya maganinta.

Wani tsoho masunci yana gyaran taru a gindin itace. A da ya yi farauta. Ya ga mutum zaune ya rafka tagumi, ya tambaye shi. Da ya ji labari sai ya ce:

— Ɗana, da tsakar rana ka zo neman tsuntsu? Mu da muke farauta, kan burtu muke ɗaurawa a goshi, mu rufa da baƙin zane, mu yi rarrafe muna sunkuyar da kai kamar muna kiwo. Nama ya ɗauka burtu ne, har mu iso inda kibiya za ta kai. Ba mu taɓa neman bakan da zai harba daga gida ba.

— To Baba, ni ma kan burtu zan nema?

— Kai ba ka iya rarrafe da wannan tumbin. Kafa zana a bakin ruwa, ka bar ta kwana 3 su saba da ita. Ka shiga kafin alfijir, ka ba gabas baya.

Haka ya yi. Ya huda zana daidai bakin ido, ya kafa gwafa ya ɗora shi a kai don hannu ya huta. Sauro ya ci shi, ƙafarsa ta yi sanyi. Rana na fitowa, zalɓe ya sauka bai fi mita 12 ba. Bai ma shiga allon duka ba, sai da mai hoto ya juya kyamara a tsaye. A hoton ana ganin ƙwayar idonsa rawaya, da ɗigon ruwa a bakinsa.

Cikin watan Mayu shamuwa ta iso daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a kan itatuwan ƙauye kamar yadda ta saba. Ita ba ta gudun mutane, don ba mai taɓa ta. Mai hoto ya ɗauke ta daga kan katanga, har shuɗin fuskarta da jan da ke gaban idonta suka fito. Yaron ya kai hotuna 2 lakwal, mushe ya liƙa su kusa da taswira.

Ruwan farko ya sauka, gefen ɗakin da kwano bai kai ba ya yi yoyo, matarsa ta tara roba ba ta ce komi ba. Gauraka dai har yanzu bai shiga kyamara ba. Tsohon masunci ya ce bara da kaka ya ji kukansu sau ɗaya, can ƙetaren tabki wajen ciyawa mai tsawo. Mai hoto ya riga ya sayi sabuwar zana, ya jingine ta a bayan shago.