Agogon Hajiya Da Kasuwar Da Ba Ta Da Ƙarshe

Da yawa daga cikinku kun yi ta aiko da saƙo kuna tambayar abin da ya tsayar da kashi na uku na littafina, har wata baiwar Allah daga Gusau ta ce ko aure ne ya cinye alƙalamin. To ba aure ba ne, tafiya ce ta kama ni, kuma labarinta ne na ce bari in fara sauke muku kafin mu koma kan su masoya.

A watan Nuwamban 2024 maigidana ya shirya zuwa ƙasar Sin sarin kayan waya kamar yadda ya saba, sai ya ce wannan karon da ni za a je, tunda dai tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa wuce Kaduna ba. Murna wajena ba a magana. Ana jibi za mu tashi na je gida sallama, sai Hajiyarmu ta ja ni ƙuryar ɗaki ta kwance bakin zaninta, ta miƙo mini kuɗi a ƙulle cikin leda. Ashe tunkiyarta ta sayar, wadda ta shekara biyu tana kiwo.

Shekarar Hajiya tara da ciwon suga. Kullum da asuba kafin ta karya sai ta huda yatsa ta ɗiga jini a kan tsinken gwaji, har kan yatsunta ya yi kanta, ga shi kuwa ɗinkin hula ne sana'arta. Wata jikarta ce ta nuna mata hoton bidiyo a waya, wai an ƙera agogon hannu da yake auna suga ba allura ba jini. Ta ce da ni, "Ke 'yar nan, ba na son atamfa ba na son turare. Wannan agogon kaɗai za ki sayo mini, in huta da tsire yatsu." Na ce, "In Allah ya yarda Hajiya, kamar kin ɗaura shi."

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, daga nan kuma awa goma da wani abu muna sama kafin mu sauka Guangzhou. Suna gabanmu da awa bakwai, don haka lokacin da idona ke neman barci su gari ya waye musu. Abin da ya fara ɗaga mini hankali shi ne WhatsApp ya ƙi buɗewa, Facebook ma haka, ashe a toshe suke a ƙasar. Mun sauka a unguwar Xiaobei inda baƙaƙen fata suka fi yawa, ga gidajen abinci na Musulmin ƙasar masu fararen huluna suna ta jan taliya da hannu. A bakin wani shago ma na ji ana ciniki da Hausa raɗau, sai da na waiga.

A daren farko na sha kunya. Maigida ya yi odar abinci ya shiga wanka, sai wayar ɗaki ta yi ƙara, na ɗauka na ji mace tana magana da yarensu. Na buɗe ƙofa, ba mutum ba alamarsa, sai wani abu fari mai kama da ƙaramin firji a tsaye yana ƙyafta fitilu. Wallahi na banko ƙofar na hau karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Yallaɓai ya fito yana dariya har da riƙe ciki, ya danna fuskar abin, cikinsa ya buɗe, sai ga ledar abincinmu da zafinta. Wai mutum-mutumi ne ɗan aiken otal, shi kaɗai yake hawa lif ya nemo lambar ɗaki. Da ya juya zai tafi har da wata 'yar murya ta sallama, ni kuwa bakina ya suɓuce na ce masa sai da safe.

Kwananmu huɗu muka nufi Shenzhen, don can ne cibiyar kayan lantarkin. Tafiyar ta kai kilomita ɗari, kusan kamar daga Kano zuwa Dutse, amma a cikin minti talatin da 'yan kai jirgin ƙasa ya kai mu, allon da ke saman ƙofa yana nuna gudunsa yana neman kilomita 300 a awa. Ko ruwan da ke cikin kofina bai zube ba. A tasha muka haɗu da ɗan rakiyarmu, wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatun injiniya a can, yaren ƙasar a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Shi ya ba ni labarin cewa kafin 1980, shekarar da gwamnati ta ware wurin a matsayin yankin kasuwanci na musamman, ƙaramin gari ne da ƙauyukan manoma da masunta a bakin iyakar Hong Kong. Ƙidayar 2020 kuwa ta samu mutum sama da miliyan 17 a cikinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a titi shi ne shiru. Ga motoci fal, amma ba hayaƙi ba rugugi, domin tun ƙarshen 2017 duk bas-bas ɗin birnin, sama da 16,000, suka koma masu aiki da batir. Na tuna shataletalen Ɗangi da yamma, na ce oho dai, mu ma da namu daɗin. Sai dai mutum ya kiyayi 'yan babura masu kai saƙo, ba ka jin tahowarsu sai sun goge ka.

Sunan kasuwar Huaqiangbei, har muka dawo ban iya faɗarsa daidai ba, "Wancan-bai" nake ce mata. Kada ku ɗauka fili ne da rumfuna irin Farm Centre ko titin Beirut. Unguwa ce sukutum ta dogayen benaye, kowane bene kasuwa ne mai hawa-hawa, kowane hawa kuma cike yake da ɗaruruwan kantoci waɗanda faɗin kowannensu bai fi teburin mai shayi ba. A hawan ƙasa ƙananan kayan cikin waya ake sayarwa, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, an nannaɗe su a faifai dubu-dubu. Wani kantin gilashin waya kaɗai yake sayarwa, wani batir, wani 'yan kusoshi. Duk inda ka juya ƙarar salatif kake ji, ƙiii, ƙiii, ana ɗaure kwalaye za a aika duniya. Mata ne suka fi yawa a bayan kanta, wata na cin shinkafa da tsinke da hannu ɗaya tana danna kalkuleta da ɗayan, ɗanta na gefe yana aikin makaranta a kan kwali. Da kyar ka ga mai ƙirga takardar kuɗi, wani zane mai murabba'i suke haskawa da waya, ciniki ya faɗa.

Ɗaya daga cikin gine-ginen da suka fi tsawo a wurin shi ne SEG Plaza mai hawa sama da 70. Muna cikinsa ɗalibin nan ya ga dama ya gaya mini cewa a watan Mayun 2021 ginin ya kama rawa da rana tsaka, jama'a suka fito a guje, alhali ba girgizar ƙasa aka yi ba. Bincike ya nuna iska ce ke kaɗa wasu dogayen ƙarafa biyu da ke kansa, aka cire su. Na ce, "Malam, ai da ka bari mun fita tukuna."

Kayan mamaki kam na gan su har idona ya gaji. Akwai fankar da ake ratayawa a wuya, da kofin da yake juya shayi da kansa, da faifan da ke bin tsakar ɗaki yana shara, in cajinsa ya yi ƙasa ya koma mazauninsa da kansa. Akwai zoben tasbihi mai ƙirga, yana motsi a yatsa in ka kai 33. Akwai abin saƙalawa a kunne da yake fassara magana, na gwada shi da Hausa ya yi tsit, sai da na koma Turancin sakandare. Na taɓa wayar Huawei mai ninki uku wadda ta fito a watan Satumban shekarar a kan yuwan 19,999, sama da naira miliyan huɗu ke nan a lokacin, na ajiye musu abarsu a hankali. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne tabarau mai kyamara a jikin firam, ba yadda za a yi ka gane ana ɗaukarka. Nan take na tuna gidan biki, ɗakin amarya, mata sun cire mayafi suna shiri. Ranar da wannan abu ya yi arha a garinmu akwai magana.

A wannan birni ne kuma hedikwatar Transsion take, masu Tecno da itel da Infinix, wato wayoyin da ke cikin jakar kusan kowaccenmu. Su ba a ƙasarsu suka yi kasuwa ba, mu suka nufa tun farko: layi biyu saboda matsalar sabis, batir mai daɗewa saboda rashin wuta, da kyamarar da aka gyara don ta fito da baƙar fata. Kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasu ne.

Sai bayan azahar muka kai hawan agoguna. Kai jama'a! Bango guda, kala-kala, wasu har sun fi na asalin ƙyalli. Na nuna wa wata matashiya hoton da jikar Hajiya ta turo, nan da nan ta zaro shi, a jikin kwalin ga hoton ɗigon jini an ja masa layi. Ta ɗaura mini, wata koriyar fitila ta kama a bayansa, bayan 'yan daƙiƙu ya nuna 5.6. Farin ciki ya kama ni, har na fara kwance ledar Hajiya. Kuɗinsa ma bai kai rabin abin da ta ba ni ba.

Ɗalibin nan ya ce, "Anti, ɗan dakata." Ya karɓi agogon ya ɗaura shi a jikin gorar ruwan da ke hannun maigida, ya danna. Muka zuba ido. Agogo ya yi 'yan ƙyafte-ƙyaftensa ya nuna 5.3. Gorar ruwa fa! Ya sake ɗaura shi a kan naɗin takardar goge hannu, ita ma aka ce sugarta lafiya lau. Yarinyar ba ta ji haushi ba, dariya ma ta yi, ta yi rubutu a wayarta ta juyo mini da fassarar: wai abin kwalliya ne da motsa jiki, ba na asibiti ba.

Ya yi mini bayani cewa koriyar fitilar nan bugun zuciya aka yi ta ta gano, ta hanyar hasken da jini ke mayarwa, amma lambar suga ƙirƙirarta kawai agogon yake yi a cikin adadin masu lafiya. Ya ce a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Abin da ke aiki na gaskiya wani ɗan faifai ne da ake mannawa a damtse, mai siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, shi ma bayan kamar sati biyu sai an sayi sabo. Jikina ya yi sanyi. Na hango Hajiya sugarta ta hau, agogo yana ce mata 5.6, ta ture maganinta gefe ta ce ai ta warke. Na san halin uwata, wallahi za ta aikata.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa muka yi 'yar taƙaddama da Yallaɓai, wadda ita ce ta farko tun aurenmu. Shi a ganinsa in saya mata kawai don ranta ya yi daɗi, in ya so a gaya mata ta ci gaba da gwajin jininta. Ya ce, "Tsohuwa ta sayar da dabbarta, ki koma mata hannu rabbana?" Na ce, "Yallaɓai, wanda ya sayi agogo don ya daina huda yatsa, wa zai sa shi ya ci gaba da hudawa?" Ya yi shiru, ni ma na juya fuska ina kallon taga ko da yake ba abin gani sai duhu. Har muka koma masauki ba mai ce wa wani uffan. Da daddare ɗan aiken otal ya zo ƙofa, na buɗe cikinsa da kaina, don yanzu na zama 'yar gari, sai na tarar da askirim guda biyu da 'yar takarda da rubutun maigida: "Kin fi ni gaskiya."

Washegari a wani kantin magani muka sayi alƙalamin huda yatsa mai lambobi, wanda ake rage zurfin allurarsa, da kwalin allurai sirara. Na'urar gwajin kuwa ban canza mata ba, don kowace da irin tsinkenta, in ka sayo wadda ba a samun tsinkenta a Kano ka sayo kwalliya. Maigida ya ƙara da fanka mai caji da faifan sola daga aljihunsa, aka sa ta cikin kayansa na jirgin ruwa saboda batirinta, ba ta iso ba sai gab da zafin Maris.

Ranar da na je gida na durƙusa na gaya wa Hajiya komai, har da labarin gorar ruwa. Ta daɗe ba ta ce komai ba tana jujjuya alƙalamin a hannunta. Na nuna mata yadda za ta sa shi a lamba ta biyu, ta riƙa huda gefen yatsa maimakon tsakiyarsa, tana sauya yatsun. Ta gwada, ta ɗan yamutsa fuska, ta ce, "Da sauƙi dai, amma allura allura ce." Sannan ta miƙo hannu ta ce, "To ina kuɗina?" Na ciro ledar nan yadda ta ƙulle ta na ba ta, ta ƙirga a gabana har sau biyu.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ta aiki Yaya kasuwar Wudil ya sayo mata 'yar tunkiya, ba ta kai waccan girma ba don dabbobi sun ƙara kuɗi. Yaran gidan suka sa mata suna 'Yar Chaina. Da na je satin da ya wuce na tarar ta haifi tagwaye, Hajiya na zaune a gaban fankarta tana ɗinkin hula, tana yi wa maƙwabciyarta bayanin yadda a ƙasar Sin har gorar ruwa ake auna wa suga.