Dala 38 a Kan Kowace Jika

Ranar sunan ɗan ƙanwata, bayan an shafa fatiha an raba goro da dabino, muka koma ƙarƙashin rumfa yara na dafa mana shayi. Wani baƙo ya yi ƙorafin tsadar sukari. Kawuna ya gyara zama ya ce ai tun da Baba Tanja ya bar mulki talaka bai sake ganin sauƙi ba. Yayana, wanda har yanzu hularsa mai ruwan hoda ta zamanin Tarayya tana cikin akwatinsa, ya ajiye kofi.

"Kawu, ku yi haƙuri, wane sauƙi? Mutumin da ya ce babu yunwa a ƙasar nan alhali muna kai yara maƙabarta?"

"Kai yaro, naku fa? Ina jirgin ƙasan Doso? Ka taɓa shigarsa ko sau ɗaya?"

Daga nan aka shiga tone-tone. Yaya ya kawo tazarce, Kawu ya kawo kamun ƴan adawa. Yaya ya ce Zaki ya gama wa'adinsa biyu ya miƙa mulki, Kawu ya ce matatar man Damagaram wa ya aza tubalinta. Kafin a fito da tuwo Kawu ya ɗauki takalmansa ya tafi. Jam'iyyun da suke wa wannan faɗa an ma rushe su, Tanja ya rasu tun Nuwamban 2020, amma mutum da ɗan ƙanwarsa suka yi mako uku ba gaisuwa.

Da abin ya tsaya tsakanin manya, da ban ɗauki alƙalami ba. Bayan kwana goma ɗiyata, mai shekara 11, ta dawo daga gidan Kawu tana kuka. Sun yi faɗa da jikarsa a wajen wasa, ta ce mata "kakanku ɗan tazarce", ita kuma ta rama da zancen jirgin da ba ya tafiya. Na tambaye ta mene ne tazarce. Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai ta ji zagi ne. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, to wa ke da gaskiya, Kaka ko Baffa?"

Na yi sama da shekara ashirin ina amsa tambayoyin yara, amma wannan ta tsaya mini a wuya, don ni kaina ina da hannu a cikin abin.

Da na fito daga makarantar horon malamai, wani ƙauye aka tura ni a arewacin jihar Maraɗi. Ajina na zana ne. In iska ta taso sai mu rufe littattafai, in hadari ya haɗu sai a sallami yara, shekarar karatu kuma ba ta farawa sai an yanke karan da za a yi rumfa. A shekarata ta biyu aka zo aka gina mana aji na siminti mai rufin kwano, da ɗan ɗakin shan magani a bakin gari, cikin shirin nan na musamman na shugaban ƙasa. Ranar da muka shiga ajin, wani yaro ya riƙa shafa bango da tafin hannunsa. Duk wanda ya ce Tanja bai yi wa karkara kome ba, ni ba zan bi shi ba, don na koyar a cikin aikinsa.

A wannan ƙauyen kuma na ga shekarar 2005. Damanar 2004 ba ta yi kyau ba, fara kuma ta cinye abin da ya rage a wurare da dama. Tiyar hatsi ta fi ƙarfin magidanci. Mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin sa wa a baki. Maza suka tafi cin rani Najeriya, ajina ya riƙa raguwa kamar ruwan tafki a bazara. Cikin watan Agusta muka ji a rediyo shugaban ƙasa ya shaida wa BBC cewa abin bai kai yunwa ba. Wannan magana ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma Yaya bai yi ƙarya ba da ya tuna da ita.

Akwai abu guda da ba wanda ya ambata a ƙarƙashin rumfar nan, ko da yake zancen sukari ne ya tayar da gardamar. An sake zaɓen Tanja a watan Disamban 2004 da sama da kashi 65 cikin 100 na ƙuri'u, a zagaye na biyu da ya kara da Mahamadu Isufu. Wata guda bayan haka, a Janairun 2005, aka yi dokar da ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan madara da sukari da garin alkama, ta kuma taɓa kuɗin ruwan famfo da na wuta. Gwamnati tana neman kuɗin shiga, masu ba ta bashi daga waje kuma suna matsa mata ta ƙara abin da take tarawa a cikin gida. Duk tarukan yaƙin neman zaɓen da na halarta a wancan lokaci, na ji kiɗa, na ji kirari, na ga an raba atamfa da sukarin shayi. Ban ji wanda ya hau mumbari ya ce mana bayan zaɓe sukarin nan zai ƙara kuɗi ba.

Ranar 15 ga Maris 2005 jama'a suka cika titunan Yamai a ƙarƙashin ƙawancen ƙungiyoyin da ke yaƙi da tsadar rayuwa. Bayan mako guda aka kira zaman gida, kasuwanni suka rufe. Aka kama jagororin, cikinsu har da Nuhu Arzika da Musa Cangari. A watan Afrilu gwamnati ta sassauto, ta janye harajin daga mafi yawan kayan. A lokacin ni da Yaya bakinmu ɗaya, muna cewa talaka ya ƙwaci haƙƙinsa. Kawu kuwa cewa yake ƴan adawa ne suka hure wa yaran nan kunne don su ɓata wa Baba suna.

Shekara 13 bayan haka aka kawo dokar kasafin kuɗin 2018, da sababbin haraji a cikinta, har da na gidan zama. Ƙungiyoyin farar hula suka sake fitowa. Ranar 25 ga Maris 2018 aka kama jagororinsu, kuma a cikinsu akwai Nuhu Arzika da Musa Cangari, mutanen nan dai na 2005. Suka yi watanni a tsare. Sau biyu na jefa wa Zaki ƙuri'a, don haka a fadarmu ta shayi ni ne na buɗe baki na ce ƴan adawa ne ke amfani da su. Maganar Kawu ce sak, kuma ban ji kunyar faɗinta ba sai daga baya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wani abin dariya kuma, a wannan lokaci Nasara ta riga ta shiga gwamnatin Tarayya tun 2016. Manya suna cin tuwo a akushi ɗaya a Yamai, mu muna nan muna ɓata zumunci a kansu.

Haka zancen jirgin ƙasa. An shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016, ƴan makonni kafin zaɓen Fabrairu. Na kalli bikin a talabijin na yi tafi. Har Isufu ya sauka a Afrilun 2021 jirgin bai zama abin hawan jama'a ba. Kawu yana da gaskiya a nan. Yaya ma yana da tasa: Tanja ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki a 2009, ya yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta don ya zarce, abin da ya ƙare da juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010, alhali Isufu ya miƙa mulki ga zaɓaɓɓen shugaba, karo na farko a tarihin ƙasar nan. Kowannensu rabin labari ya riƙe, yana dukan ɗan'uwansa da shi.

Daren da ɗiyata ta yi mini tambayar, na ɗauko allon ƙaramin ƙanenta da alli. Na ce mata ta lissafa kashi 19 cikin 100 na jika ɗaya. Ta yi ta samu 190, wato dala 38. Na ce to, in mai tuyar fanke ta sayi garin alkama na jika ɗaya, nawa za ta ƙara? Ta ce dala 38. In Alhaji mai manyan motoci ya saya fa? Ta ce shi ma dala 38. Na ce wa abin zai fi yi wa nauyi? Ta dube ni kamar na raina mata wayo, ta ce ai mai fanke. Na ce mata abin da ya fitar da mutane kan titi ke nan tun ba a haife ta ba.

Sai ta ce, to haraji mugun abu ne ke nan. Na ce a'a. Albashin da nake sayen hatsin gidan nan da shi daga baitulmali yake fitowa, haka allin da ke hannunta in na lakwal ne, haka albashin ungozomar asibiti. Ajin simintin da nake yabon Tanja da shi ma ba daga aljihunsa ya fito ba, kuɗin sassaucin bashin da aka yi wa ƙasa ne aka juya wajen gina ajujuwa da ɗakunan shan magani. Yabonsa shi ne ya kai kuɗin inda ake bukata. Ƙasa ba ta tafiya sai an karɓa daga hannun jama'a, kuma kakanninmu sun san zafin lanho tun zamanin Nasara, lokacin da mutum kan sayar da akuyarsa ko ya tsallaka iyaka don ya kuɓuta. Abin da ya kamata a tambayi mai neman mulki shi ne daga hannun wa zai karɓa, nawa, kuma me zai yi da shi. A tambaye shi tun yana roƙon ƙuri'a, lokacin da kunnensa ke buɗe.

Wannan tambaya ce ban taɓa yi ba. Na sha zama a layin gaba a wurin taro, don ana girmama mushe a ba shi kujera. An yi mana alkawarin ajujuwa da rijiyoyi da aikin yi ga matasa, na yi tafi tare da kowa. Ni da nake koya wa yara cewa ba a rubuta amsa sai an nuna hanyar lissafi, ban taɓa ɗaga hannu na ce ina kuɗin za su fito ba. Alkawari kaya ne, mun sani, amma kayan nan a kanmu ake saukewa bayan an rantsar da mutum.

Ƴan'uwana malamai, ba ina cewa mu kai siyasa cikin aji ba. Aji na ɗan kowa ne, kuma ranar da yaro ya gane ɓangaren malaminsa, rabin ajin ya daina saurare. Amma darasin kashi cikin ɗari yana cikin tsarin karatu. Maimakon misalin ɗan kasuwar da ba a san garinsu ba, a kawo takardar kuɗin ruwa ko ta wuta, a nuna wa yara layin da aka rubuta TVA, su lissafa da kansu. Darasin tarihi ma haka. In an zo kan shugaba, a faɗi abin da ya gina da abin da ya ɓata a zama guda, da shekarunsu, a bar yaro ya ɗauki duka biyun ya tafi da su gida.

Iyaye kuma, mu tuna yara suna nan kusa da buta suna zuba mana shayi lokacin da muke gardama. Ba su san Tanja ba, da yawansu Isufu ma a hoto suka san shi. Abin da suke ɗauka shi ne sautin muryarmu da sunan da muka kira wani da shi. Ɗiyata ta iya kalmar tazarce a matsayin zagi tun ba ta san akwai wani abu wai shi tsarin mulki ba, kuma a bakin ƴan gidanmu ta ji.

Ranar Juma'a bayan masallaci na kama hannunta muka tafi gidan Kawu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba jikarsa haƙuri. Na ce, "Kawu, ku gafarce mu, mu ne ba mu iya bakinmu ba a gaban yara." Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce shi abin da ya sa ba ya son a taɓa Baba, a zamaninsa ne aka yi wa ɗiyarsa fiɗa wajen haihuwa ba a karɓi kuɗin aikin ba, kuma jikar nan da ake faɗa da ita, ita ce aka ciro. Shekara da shekaru muna gardama da shi, ban taɓa jin wannan dalili ba, don ban taɓa tambayarsa ba.

Na faɗa masa abin da na gani a ƙauye a 2005. Bai musa ba. Ya ce Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, ya gafarta wa Baba kurakuransa. A bakinsa wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yaya har yanzu bai je ba. Ya ce sai Kawu ya yarda tazarce kuskure ne tukuna. Na ce masa ya je ya gaida kawunsa, zancen tazarce ya jira. A hanyarmu ta komowa ɗiyata ta tsaya a shagon unguwa sayen sukari, na ji tana tambayar mai shago ko a cikin kuɗin nan nawa ne na gwamnati. Ya yi dariya ya ce ta tambayi babanta, ai shi ne mushe.