Kada A Ɗaga Wa Malaman Asibiti Hannu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana na ƙasar Kankiya da Kusada magana a kan wata mummunar ɗabi'a, watau zagin malaman asibiti da dukansu.

Garinmu yana bakin hanyar Katsina zuwa Kano, ga haɗarin mota, ga zazzaɓin damina, ga masu naƙuda da ake kwasowa daga ƙauyuka cikin dare. Duk wannan kaya a kan mutane kaɗan yake. A shekarar 2024 magatakardan Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ya ce fiye da 42,000 daga cikinsu sun bar Nijeriya cikin shekara uku. To, wanda ya haƙura ya zauna, shi za mu saka wa da mari? In ya yi fushi ya tafi, wa zai ɗora wa ɗanka ruwa da tsakar dare?

Na taɓa jinyar wani ɗan'uwana a wani asibiti, na ga abin da ke kawo rigimar. Wani mutum ya kawo yaronsa da jijjiga, ya tsaya a ƙofa sa'a biyu, ba wanda ya ce masa kanzil. Ashe malamar jinya ita kaɗai ce, tana can kan wata mace da jini ya ɓalle mata. Da ta fito sai ya hau ta da zagi, har ya ɗaga hannu, sai da dattawa suka riƙe shi. Da an sami wanda ya gaya masa dalili tun farko, da bai kai nan ba. A ganina, jira ba bayani shi ne uwar wannan fitina.

Jama'a su sani akwai doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikaci ya ƙi duba wanda aka kawo cikin gaggawa, in ya ƙi akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Ita kuma dokar ta ba shi iko ya janye hannunsa daga mai zaginsa ko dukansa, ya kai ƙara, sai fa in mai taɓin hankali ne.

Shawarata ita ce a sa mutum guda a bakin ƙofa mai gaya wa masu jira wanda za a fara gani da dalili. A bar ɗan jinya ɗaya kurum kusa da gado. A keɓe wurin kai kuka, don wanda aka wulakanta ya san inda zai nufa. Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya kuwa ta hori ɗalibanta da taushin baki, gama su ma malaman wani lokaci tsawarsu ke hura wutar. Ina roƙon iyayenmu Kankiya da Bebeji su umarci dagatai da limamai su yi ta jan kunnen talakawa.

Likita magani yake bayarwa, rai kuwa na Allah ne. Allah ya ba mu haƙuri da juna, amin.

Ni ne naka,
Wani Mai Karatu, Kankiya.